"Baffa, Sunana Ba Shi Da Ɗan'uwa A Turanci"

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda suka ce data ba ta isarsu sauraron murya, da waɗanda dama sun fi son karatu. Na bar maganar kusan yadda na yi ta, sai ɗan gyara nan da can. Roƙona ɗaya: wannan shiri na kunne ne. Duk kalmar Turancin da kuka ci karo da ita, ku furta ta da bakinku, kada ku tsaya ga kallo kawai. In ba haka ba rabin maganar zai wuce ku.

To, bismillah.

Ranar wata Laraba bayan la'asar na biya gidan yayana. Yana da 'ya mai shekara tara, tana aji huɗu na firamare. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, Allah ya jiƙanta da rahama, shi ya sa a gida Ummi muke ce mata. Ni kaina bakina ba ya iya kama sunan kai tsaye, kun dai san al'ada. Amma yau shirin ba zai yiwu ba sai na faɗa, don haka a yi mini afuwa. Sunan Zainab.

Na same ta a falo ta kifa kai a kan littafi, ido ya yi ja. Na ce, "Ummi, wa ya taɓa mini uwata?" Shiru. Sai mamanta ta leƙo daga kicin ta ce aikin gida ne aka ba su, tun dawowarta take wannan kumburi.

Ashe malamar Turanci ce ta ce kowa ya rubuta sunansa, ya kawo kalmomi uku da suke rhyme da shi, wato abin da muke kira amsa-amo, sannan ya haɗa ɗan baiti. Kafin a tashi an yi gwaji a aji. Mai suna Grace ta miƙe ta ce face, place, race, aka tafa mata. Mai suna Joy ta ce boy, toy, enjoy, aka tafa mata. Da aka zo kan Ummi sai abu ya tsaya cak. Tana cikin tunani wani yaro daga baya ya ɗaga murya ya ce crab, ƙaguwa ke nan. Aji ya kwashe da dariya.

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Baffa, ni dai daga yau a makaranta Zee za a riƙa ce mini. Zee yana da bee, yana da tree, yana da free. Sunana ba shi da ɗan'uwa a Turanci."

Wallahi jama'a sai da gabana ya faɗi. Ba na ganin laifin malamar, darasi ne mai kyau, ana yin sa a ko'ina. Amma ga yarinya tana shirin ajiye sunan kakarta saboda aikin gida na maki goma. Na cire hula na zauna a ƙasa kusa da ita. Abin da muka tattauna daga nan har kiran magariba shi na kawo muku yau, tare da abin da na ƙara bincikowa daga baya.

Mu fara da gida. Ta yaya mu Hausawa muke amsa-amo?

A rubutacciyar waƙar Hausa, mawaƙi yakan zaɓi gaɓa guda, a ce "wa" ko "ya" ko "ra", kowane baiti ya ƙare da ita daga farkon waƙa har ƙarshe. Malaman adabi suna ce wa wannan babban amsa-amo. Wanda ke tsakanin ɗangwayen cikin baiti kuma ƙaramin amsa-amo. Tsarin mun gaje shi daga ƙasidun Larabci, inda har ake kiran waƙa da harafin ƙafiyarta, kamar Daliyyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ke ƙarewa da dalun. Kuma da yake kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, abin yana zuwa mana da sauƙi. Ka ce Musa, sai ka ce nesa, bisa, masa. Ka ce Amina, sai ka ce rana, tuna, gina. Gaɓar ƙarshe ta yi daidai, shi ke nan, kunnen Bahaushe ya gamsu.

To da wannan kunnen muke shiga Turanci, kuma nan ne ake fara samun matsala. In ka haɗa wa Bature Amina da banana, ko Amina da China, zai ce maka bai ji komai ba. Duk da "na" suka ƙare, amma a wurinsa ba amsa-amo ba ne.

Dalili kuwa shi ne Turanci harshe ne mai danna gaɓa. A kowace kalma akwai gaɓa ɗaya da ake dannawa, ta fi sauran ƙarfi da tsawo. Hausa ba haka take ba. Mu karin sauti muke da shi, hawa da saukar murya, da kuma tsawon wasali. Shi ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Shi ya raba baba mahaifi da baba na rini. Rubutu ɗaya, murya daban.

Ƙa'idar cikakken amsa-amo a Turanci ita ce: ka nemo wasalin gaɓar ƙarshe da aka danna, daga nan har ƙarshen kalma dole sautin ya zama iri ɗaya, baƙin da ke gabansa kuma ya bambanta. Na san ta yi kama da lissafi, bari in ba da misali.

Ɗauki Bello. Bature zai danna gaɓar farko, BE-llo. To daga "e" ɗin nan za a fara awo. Yellow ya shiga. Fellow ya shiga. Mellow ya shiga. Cello, wannan babban gogen na Turawa, ya shiga. Har Othello na wasan Shakespeare ya shiga. Amma ku ji abin mamaki: hello, wanda a rubuce harafi ɗaya ne kawai ya raba shi da Bello, bai cika shiga ba. Saboda a hello gaɓar ƙarshe ake dannawa, he-LLO. 'Yan'uwan hello su ne go, know, below.

Wannan ya kawo mu darasi na biyu: kada ka yarda da ido. Turanci yana da haruffan wasali biyar, amma sautukan wasalinsa sun kai wajen ashirin a bakin mutanen Ingila. Rubutu bai isa ya ɗauke su ba. Ku duba kalmomin nan, duk da o-u-g-h suka ƙare: though, through, cough, rough. Na farko yana tafiya da go, na biyu da blue, na uku da off, na huɗu da stuff. A ido 'yan gida ɗaya ne, a kunne ko gaisawa ba sa yi. Haka love da move. A ɗaya ɓangaren kuma, blue da shoe da through rubutunsu ya sha bamban, amma amonsu ɗaya.

Da na kai nan Ummi ta ce, "To Baffa, nawa fa?"

Na ce mu gwada. Bature yakan danna "Zai", ya ce ZAI-nab. In za a bi ƙa'idar nan sau da ƙafa, sai an sami kalmar da ta ƙare da "ainab", kuma babu ita a Turancin yau da kullum. Fuskarta ta sake canzawa. Na ce tsaya, kin san orange? Ta ce lemo. Na ce to orange ma ba shi da cikakken ɗan'uwa a cikin kalmomin da ake amfani da su. Haka month. Haka silver. Haka purple. Kalmomin Turawa ne na kansu, yaransu sun san su tun suna rarrafe, kuma ba wanda ya taɓa cewa a canza wa lemo suna.

Ta yi dariya. Wannan ce dariyar farko a ranar.

Na ce mata rashin amsa-amo ba ya nuna komai game da kyawun suna. Abin da yake nunawa kawai shi ne an haifi sunan a wani harshe. Grace da Joy kalmomin Turanci ne, gaɓa ɗaiɗai, dole su sami dangi a gidansu. Ki kawo su Hausa ki nema musu amsa-amo, ki ga yadda za su sha wahala. Wace kalmar Hausa ce ke tafiya da Grace? Naki kuwa in aka ce Zainabu, nan take ga babu, ga Habu. Har Hausawa sukan haɗa su ce Zainabu Abu, sunan yana amsa wa kansa.

Yanzu bari in zagaya kan wasu sunaye, don na san kowa yana jiran a zo kan nasa.

Akwai masu sa'a. Amina, in aka danna tsakiya, a-MI-na, tana da arena, marina, ballerina, Argentina, Medina. Ibrahim yana da ƙofa biyu. In ka ja ƙarshen irin na Larabci, ga dream, team, supreme, esteem. In ka gajarta shi yadda muke faɗa a gida, ga swim, slim, gym. Kabir da Bashir suna da near, clear, sincere, engineer. Umar, in an danna ƙarshe, yana da star, far, guitar. Jummai da Larai suna da sky, high, July. Lami tana da balmy, tana kuma da tsunami, sai dai in za ka yi wa Lami waƙa ka yi tunani kafin ka haɗa ta da ambaliyar teku.

Ali ma ƙofa biyu gare shi. Amurkawa ƙarshe suke dannawa, a-LI, kamar yadda suke kiran ɗan damben nan Muhammad Ali, sai ya tafi da bee, tree, free. Wasu a Ingila kuma farko suke dannawa, sai ya koma wajen valley da rally. Suna ɗaya, amma bakin mai faɗa ne ke zaɓa masa dangi.

Tunda na ambaci Muhammad Ali, bari in yi amfani da shi in shigo da maganar harafin "r", don tana da muhimmanci ga sunayenmu. Damben da ya yi da Joe Frazier a ƙasar Filifin a 1975 an yi masa laƙabi da Thrilla in Manila. Asalin kalmar thriller ce, da "r" a ƙarshe. An jefar da "r" ɗin ne don ta yi daidai da Manila.

To mafi yawan mutanen Ingila haka suke magana kullum, ba sa furta "r" ɗin ƙarshen kalma. Mu ma a Najeriya Turancin da muka gada ke nan. Yawancin Amurkawa kuwa suna furta ta. Wannan ya sa sunayenmu masu ƙarewa da "a" suna da dangi da yawa a Turancin Ingila da namu, waɗanda babu su a na Amurka. Hauwa, misali. A bakinmu tana tafiya da flower, power, tower, shower. Kun ji daɗin wannan? Fure da ƙarfi. Amma ka karanta wa mutumin Amurka, zai ji "r" tana kartar kunnensa. Halima tana da dreamer. Fati tana da party da hearty. Duk a Turancin da ba ya furta "r".

Amma a nan akwai rami, kuma shi ne ainihin abin da nake son mu riƙe a shirin yau. Ɗauki Garba. Nan da nan za ka ce barber, ko harbour. A bakin mutumin Landan sun yi daidai, amma da sharaɗin shi ma Garba a cire masa tasa "r" ɗin. In ka cire ta me ya rage? Gaba. Ka tashi yi wa mutum waƙar yabo ka ɓuge da kiransa ƙiyayya.

Haka A'isha. A bakinmu gaɓa uku ce, da 'yar tsayawar nan ta hamza a tsakiya, A-'i-sha. In kana son ta tafi da Asia ko acacia, sai ka matse ta ta koma gaɓa biyu, ka kuma canza wasalin farko. Baitin zai yi daɗi, amma wadda ka kira ba ita ce uwarta ta raɗa wa suna ba.

Shi ya sa nake cewa, in suna da amsa-amo suka yi karo, amsa-amon ne zai kauce. Kalmomi suna da yawa, ka saki wannan ka kama waccan. Sunan mutum kuwa an yanka masa rago, an tara jama'a, an yi addu'a. Sau da yawa ma na wani ne da ya riga mu gidan gaskiya. Bai kamata a lanƙwasa shi don layi biyu su yi daɗi ba.

Su kansu Turawa sun daɗe suna wasa da sunaye ta wannan hanya, kuma akwai abin koyo a wurinsu.

A 1775 wani malamin furuci a Landan mai suna John Walker ya fitar da ƙamus na masu neman amsa-amo. Dabarar da ya yi ita ce ya jera kalmomi bisa haruffan ƙarshensu maimakon na farko, kamar ka karanta kalma daga baya. Ka ga tun shekaru 250 da suka wuce masu harshen ma suna buƙatar taimako.

Akwai kuma wani ɗan jaridar Ingila, Edmund Clerihew Bentley, wanda tun yana ɗalibi ya ƙirƙiro wani salon baiti mai layi huɗu na barkwanci. Layin farko yakan ƙare da sunan wani sananne, na biyu ya amsa masa, na uku da na huɗu su amsa wa juna. Ya tara su a littafi a 1905, kuma har yau da sunansa na tsakiya ake kiran salon, clerihew. Daɗin salon ma yana cikin wahalar: in sunan ya yi wuyar samun ɗan'uwa, nan ake ganin gwanintar mai rubutu.

A gabashin Landan kuma, mutanen da ake kira Cockney suna da wani zaurance da aka gina kan amsa-amo, kuma sunayen mutane sun cika shi. In suna son cewa believe sai su ce Adam and Eve. Akwai wata mawaƙiya 'yar Belfast da ta yi tashe a shekarun 1950, Ruby Murray. Da yake Murray yana tafiya da curry, sai sunanta ya zama sunan abinci. Har ma a yanke a ce Ruby kawai, kowa ya gane miyar kori ake nufi. Matasa da yawa a can sun san kalmar ba su san waƙarta ko ɗaya ba.

A Amurka kuma mawaƙiya Shirley Ellis ta fitar da The Name Game a 1964. Waƙar wasa ce da ke nuna kowane suna zai iya samun amsa-amo in ka cire baƙinsa na farko ka sa wani, ko da abin da ya fito ba shi da ma'ana. Yara suna son ta sosai.

Amma labarin Ruby Murray ya kamata ya sa mu tsaya. Amsa-amo yana da danƙo. In ya manne wa suna, da wuya ya fita. Kuma yaran makaranta sun fi kowa sanin haka. Na san masu suna Musa da suka sha tsokana da loser, alhali ma a ƙa'ida ba su yi daidai ba, domin "s" ɗin loser sautin "z" take bayarwa. Waɗanda suka fi dacewa da Musa su ne producer da juicer. Amma yaro ina ruwansa da ƙa'ida? Amina mai ballerina ita ce kuma mai hyena, kura. Maryam kuwa a haɗa ta da yam, doya. To iyaye da malamai, in za a ba da irin wannan aiki a aji mai sunaye daga harsuna daban-daban, a shirya tukuna. Malama ta zauna ta duba rajista, ta tanadar wa kowane yaro kalma ɗaya mai kyau a aljihu, don kada na bayan aji ya riga ta.

To yanzu, ga wanda yake son ya rubuta wa matarsa kati, ko ya yi wa abokinsa baitin murnar aure, ko ya taya ɗansa aikin gida, ga yadda nake yi.

Na farko, ka furta sunan yadda mai shi yake furtawa. Ba yadda baƙo ke faɗa ba. In ba ka tabbata ba, ka tambaye shi.

Na biyu, ka saurari inda nauyin ya faɗa in an sa sunan cikin jimlar Turanci. Dabara mai sauƙi: ka yi kamar kana ƙwala masa kira daga nesa, ko ka riƙa buga tebur kana faɗa. Gaɓar da bugun ya fi ƙarfi a kanta, daga wasalinta za ka fara.

Na uku, ka cire baƙin da ke gaban wasalin, ka bi haruffa ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa. Nan akwai albishir ga masu ƙ da ɗ da ɓ a farkon suna: baƙin farko ba ya cikin lissafi, don haka ba abin da zai hana Ɗanladi ko Ƙasimu shiga. Kada ka manta da baƙaƙe masu haɗuwa irin su br, cl, st, tr, can ne kalmomi da yawa suke ɓuya.

Na huɗu, in za ka yi amfani da intanet, akwai shafuka irin su RhymeZone. Amma ka sani, da yawa daga cikin irin waɗannan manhajoji sun dogara ne da ƙamus ɗin furuci na Jami'ar Carnegie Mellon, mai kalmomi sama da 130,000, kuma furucin Amurka ne a ciki. In ka rubuta Hauwa ba lallai ya gane ta ba. Dabarar ita ce ka fara samo kalma ɗaya da kunnenka, a ce flower, ka rubuta ta, shi kuma ya kawo maka sauran danginta.

Na biyar, ka duba ma'anar kowace kalma kafin ka ɗauka. Ka tambayi kanka: in yaran unguwa suka ji wannan, za su mayar da shi abin tsokana? In eh ne, jefar.

Na shida, in cikakken bai samu ba, na kusa ma ya wadatar. Mawaƙan Turanci, musamman na rap, da shi suke aiki dare da rana. Sani da sunny ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba, amma kunne zai karɓa. Kana iya haɗa kalmomi biyu ma, kamar Aminu da seen you.

Na bakwai, kuma wannan ita ce mafitar da mutane ke mantawa da ita: ba dole ne suna ya zo a ƙarshen layi ba. Sa shi a farko, ko a tsakiya, ka bar wasu kalmomi su yi aikin amsa-amo a ƙarshe. Fatima, misali, ba ta da wani ɗan'uwa na kirki a Turanci. To ka buɗe layi da ita, ka rufe da day, na gaba ka rufe da way. Sunan ya fito cikakke, ba wanda ya taɓa shi.

Mu koma falon yayana. Ni da Ummi mun bi hanya ta shida. Na ce mata gaɓar ƙarshen sunanki, "nab", wasalinta a buɗe yake, ana jin sa sarai, don haka za mu iya kafa amsa-amo a kanta. Muka bi haruffa. Cab. Dab. Grab. Jab. Da muka zo "l" sai ta yi tsalle ta ce, "Lab! Baffa, lab!" Dama tun bara take cewa ita gwajin jini za ta riƙa yi a asibiti in ta girma, saboda farar rigar.

Na ce kin ga, da crab da lab duk layi ɗaya suke. Wancan yaron ya zaɓi tasa, ke ma ki zaɓi taki.

Ta rubuta lab, cab, tab. Sai baiti. Na gaya mata tsarin Bentley, layi huɗu, suna a ƙarshen na farko. Layi biyun farko ita ta yi su da kanta. Na uku da na huɗu mun ɗan yi ja-in-ja, na gyara mata kalma biyu. Ga abin da ya fito:

My name is Zainab,
One day I will work in a lab.
My grandma had this name before,
So every day I love it more.

Ma'ana: sunana Zainab, wata rana zan yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje, kakata ce ta riga ni ɗaukar sunan, shi ya sa kullum nake ƙara son sa.

Ba wata gagarumar waƙa ba ce, na sani. Awon layukan ma bai daidaita ba. Amma lokacin da ta karanta layi na uku, yayana ya shigo daga kasuwa yana tsaye a bakin ƙofa. Bai ce komai ba. Ya ajiye ledarsa ya wuce ya yi alwala, ya daɗe bai fito ba.

Bayan kwana biyu na kira na tambaya. An ba ta takwas cikin goma. Yaron nan kuma bai daina ba, da aka fita tara ya sake ce mata crab. Na ce me kika yi? Ta ce, "Na ce masa crab ma a lab ake bincikensa." Ban san ko ya gane ba. Ƙawayenta biyu har yanzu Zee suke ce mata, ita ma tana amsawa, kuma ni ban hana ba, laƙabi tsakanin ƙawaye ba laifi ba ne. Amma maganar zuwa a gaya wa malama a canza suna, ba ta sake tayar da ita ba.

To jama'a, aikin gida gare ku. Kowa ya ɗauki sunansa, ya furta shi yadda mahaifiyarsa ke furtawa, ya nemo kalmar Turanci ɗaya da ke tafiya da shi ba tare da an lanƙwasa shi ba. Ku aiko mana, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Wanda ya nema ya rasa shi ma ya aiko, mu taru mu taya shi. Masu suna Bilkisu da Shamsuddini, ku nake jira musamman, don ni kaina na kwana biyu a kanku ban samo ba.

In kun san malamin firamare ko malama, ku tura musu wannan rubutu. Allah ya raya mana zuri'a, ya jiƙan iyayenmu da muka ci sunayensu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.